Bukar Mai Soro, Wanda Ya Riga Ni Komai

Ina durƙushe gaban janareta da hantsi, ina jan igiya yana tari yana mutuwa, sai inuwar mutum ta faɗo a kan hannuna. Na ɗaga kai na ga Nasiru, ɗana na fari, tsaye babu hula, ƙafafunsa duk jiƙaƙƙen yashi. Ya daɗe bai tsallako titi zuwa shagona a irin wannan lokaci ba, saboda haka tun bai buɗe baki ba gabana ya faɗi. Ya durƙusa ya ce, "Baba, Baba Bukar ya cika." Na saki igiyar na yi salati, na tuna wa kaina cewa na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Amma ko a cikin wannan firgici kunnena ya kama abu guda. Baba biyu yaron ya ambata, kuma a kan na biyun muryarsa ta karye.

Alhaji Bukar, wanda mutanen Tsanyawa da Bagwai suka fi sani da Bukar Mai Soro, ɗan kasuwa ne mai sayar da kayan abinci da na sha a kan sari. Kakansa ya zo daga Barno da fataucin kanwa, ya ga ƙasa ta karɓe shi ya zauna. Ni kuwa Sale Mai Ƙanƙara ake ce mini, Bafulatanin gida wanda bai taɓa tatsar saniya ba. Sana'armu ɗaya, shagunanmu suna kallon juna, titi kawai ya raba mu. Da yake akwai wasa tsakanin Barebari da Fulani, kowace safiya sai ya ɗago hannu daga can ya ce bawansa ya tashi lafiya, ni kuma in amsa cewa ubangidansa ya tashi lafiya lau. A haka muka yi furfura.

Mai karatu zai yi mamakin jin maganar kishi a rubutun ta'aziyya. To, ni ban iya tuna Bukar ba tare da shi ba. Ban taɓa yi masa fatan asara ba, Allah ne shaida, kuma ban taɓa kai sunansa inda za a ɓata shi ba. Amma na yi kishinsa tun muna yara, ina kuma yi har yanzu da nake riƙe da alƙalamin nan. Ya riga ni sauke Alƙur'ani. Ya riga ni aure, ya riga ni sayen babur, ya riga ni zuwa Makka, har tsarabar hula ya kawo mini, wadda na sa a ranar don kada a ce wani abu, sannan na jefa ta ƙasan akwati. Abu biyu kawai na riga shi a duniya. Na riga shi kafa babban janareta da firizoji, kuma Allah ya ba ni ɗa namiji, shi kuwa 'ya'ya mata ya samu.

Na ci zamanina da janaretan nan, ba zan ɓoye ba. Idan azumi ya faɗo a bazara, tun azahar layi ke kamawa a ƙofata. Masu zoɓo da kunun aya, masu shaguna daga ƙauyuka, kowa ƙanƙarar Sale yake nema. Ƙarar injina tana cika kasuwa, hayaƙinsa kuma iska ba ta kai shi ko'ina sai shagon Bukar. Shekara da shekaru yana shaƙa, bai taɓa kai ƙarata wurin sarkin kasuwa ba. Abin da ya yi kawai, ya dasa darbejiya a bayan shagonsa da gefensa, ya kuma tsallako wata safiya ya dasa guda a ƙofar nawa, ya ce sadaka ce ga mabuƙata. A ƙarƙashinta nake zama yanzu. Tana gaban shagona, ni nake share ganyenta, amma duk garin nan bishiyar Bukar suke ce mata.

Sai shekarun wuya suka shigo. Damina ta rikice, ruwa ya makara har shuka ta ƙone, idan kuma ya tashi zuwa ya zo a haɗe ya kwashe gonaki. Zafin bazara ya zama wani iri, wanda tsofaffi suka ce ba su san shi ba. Man dizal ya yi tsadar da sai mutum ya yi shawara da zuciyarsa kafin ya ja igiya. Manoman rani na wajen madatsar ruwan Watari suna kawo tumatir da tattasai cikin kwanduna, idan motar dillalai ba ta zo da wuri ba, sai ka ga kayan sun narke a bakin titi, ƙuda na bi. Na ga magidanci da gemunsa yana juye guminsa a kwata yana share ido da hannun riga.

A cikin wannan hali Bukar ya sayar da ɗan ƙaramin injinsa, ya ɗauko masu haƙa suka fara rami a bayan shagonsa, ƙarƙashin bishiyoyin nan. Na tara 'yan kasuwa na ce su zo su ga Babarbare yana haƙa wa kansa kabari tun da ransa. Ya yi dariya tare da mu, ya ci gaba da aikinsa. Ramin ya kai ƙugu, ya tayar da bango biyu na jan bulo, ɗaya a cikin ɗaya, ya cika tsakaninsu da yashin rafi, ya rufe sama da azara da ƙasa mai kauri. Safe da la'asar ana jiƙa yashin da ruwan rijiya. Iska mai zafi tana shan ruwan, tana tafiya da zafin ɗakin. Da aka tambaye shi inda ya samo dabarar, sai ya ce, "Randar tsohuwata ce na faɗaɗa."

Na shiga gari ina gaya wa kowa cewa soron ba ya yin ƙanƙara, kuma gaskiya na faɗa, har gobe ba ya yi. Lemo yakan fito daga ciki da sanyin randa ne kawai. Amma ranar da na kasa sayen mai, firizojina suka koma akwatunan zafi, nasa sanyin yana nan yadda yake jiya. Tumatir ya kwana ya wuni a ciki ya fito da ƙarfinsa, manomi ya daina sayarwa a wulaƙance don tsoron ruɓewa. Bukar yakan ce, "Sanyin da ba ya yankewa nake sayarwa, mai son na fasa haƙori ya tsallaka wurin bawana." Mutane suna dariya, amma kaɗan ne suke tsallakowa.

Bai tsaya nan ba. Ya bi 'yan sari ɗaya bayan ɗaya, na nan da na Bagwai, ya shawo kansu a daina tura motoci barkatai. Mota guda ta ɗauki wake da gero da dawar kowa zuwa Dawanau, ta dawo da lemo da sukari da taliya da man girki na kowa. Yana cewa, "Motar da ta dawo wofi, hayaƙi muka yi wa dako." Ni ma na sa kayana a motar, don ba ni da wata dabara. Abin da ya ci mini rai shi ne, na taɓa yin irin wannan tunani a zuciyata, ban dai furta ba, sai ga shi a bakin Bukar.

Dole in faɗi halinsa yadda na gan shi, don babu wanda ya kalle shi kamar ni. Ba ya shiga soron da takalmi, ya ce abincin mutane ne a ciki. Kwandon tsohuwa guda ɗaya da kwandunan babban dillali wuri ɗaya yake ba su, wanda ya riga zuwa shi ke samun lungu mai sanyi. Da hannunsa yake tsince tumatirin da ya fashe, ya ba matan unguwa su yanka su shanya, kada a zubar. Idan manomi ya zo a fusace, sai ya ba shi ruwa a moɗa tukuna, ya bari ya sha ya sauke numfashi, sannan a yi magana. Ban taɓa jin ya ɗaga murya a kan ɗan dako ba. Na yi shekaru ina jiran ranar da zan kama shi da wani aibi in samu sauƙi a raina, ranar ba ta zo ba.

Yanzu na zo kan abin da ya fi yi mini ciwo. Nasiru shi na ɗora a kan injina tun da ya gama makaranta, shi nake tanadi ya gaje ni. Sai dai hayaƙin bai karɓe shi ba. Ƙirjinsa yana kamawa, ya rame, uwarsa Hajiya Rabi tana yi mini mita safe da yamma. Lokacin da ake ginin soron, Bukar ya tsallako da goro a hannu, ya zauna a bencina kamar baƙo, ya ce yana roƙon in ba shi aron Nasiru ya taya shi aiki zuwa faɗuwar damina. Hana abokin wasa abu a gaban mutane abin kunya ne. Na ce ya ɗauka. Yaro ya saɓi shebur ya tsallaka titi, ina kallon bayansa.

Damina ta faɗi, ta ɗauke, wata ta sake faɗuwa. Nasiru yana kwana a gidana, yana gaishe ni da ladabi, duk abin da na aike shi yana yi. Amma hirarsa ta koma Baba Bukar ya ce, Baba Bukar ya yi. Tarin ya bar shi, kumatunsa suka ciko. Akwai wata garwa mai hudoji a gindi da Bukar yake ban ruwan yashi da ita, ba ya yarda kowa ya taɓa, ko 'yan dakonsa. Wata la'asar ina zaune a ƙarƙashin bishiyar nan na ga ya miƙa wa Nasiru ita da hannu biyu, ya koma gefe ya harɗe hannu yana kallo. Ranar ban ci tuwon dare ba, na ce wa Hajiya cikina ne. Da Nasiru ya yi aure ya samu ɗa, ya raɗa masa Abubakar. Ya ce mini sunan babban sahabi ne. Na ce haka ne, Allah ya raya, na kuma san sahabin da ake nufi yana tsallaken titi.

Wata rana wasu mutane suka zo daga birni da motar wata ƙungiya, tare da ma'aikacin rediyo. Suka ce sun ji labarin soron da motar haɗaka, kuma irin wannan ne ke rage hayaƙin da yake ɗumama duniya yana rikita damina. Ana cikin ɗaukar magana suka aiko a roƙe ni in kashe injina na ɗan lokaci, ƙararsa tana shiga na'ura. Na kashe. Gudummawata ke nan a shirin. Da aka sa shi a rediyo na ji Bukar yana cewa, "Ni ban ga duniya ba, Tsanyawa na gani. Amma idan gida ya cika da hayaƙi, kowa murhunsa ya kamata ya fara dubawa." Daga nan mai gabatarwa ya ce ga kuma ɗansa, Nasiru Bukar, zai yi bayanin yadda ake ban ruwa. Na kashe rediyon, na sake kunnawa, don muryar ɗana ce kuma bayanin yana fita tsaf.

Sau ɗaya na taɓa yi masa maganar. Muna zaune bayan sallar la'asar, na ce, "Bukar, wai yaushe daminar nan za ta faɗi ne?" Ya gane sarai. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce ai ni ma shaida ne, damina a shekarun nan ba ta da alƙawari. Sannan ya daina dariyar, ya dube ni ya ce, "Naka ne, Sale. Ranar da ka ce ya dawo, da kaina zan riƙo hannunsa in tsallako da shi." Ban taɓa cewa ba. Ina so ya dawo, amma ina so ya dawo da ƙafarsa, ba don na kira ba. Kuma ina jin numfashinsa da asuba idan ya wuce ƙofar ɗakina zuwa masallaci, babu wannan shaƙar ta da.

Ranar da ya rasu, sun gama ban ruwan safe ke nan shi da Nasiru, ya ce kansa yana juyawa, ya zauna a gindin darbejiya. Kafin a kawo mota ya yi kalmar shahada, ya cika a jikin ɗana. Nasiru ne ya taya liman wanka. Da aka jera sahu, liman ya juyo ya yi tambayar da aka saba, ko akwai wanda marigayin ya riƙe wa wani abu, ya faɗa tun kafin a rufe shi. Wallahi sai da leɓena ya motsa. Na dubi makarar, na dubi Nasiru a sahun gaba, na haɗiye maganata. A maƙabarta shi ya fara sauka cikin ramin. Na ga yadda ya tallafi kan, ya juya shi zuwa gabas a hankali, ya jera itace babu gaggawa, kamar wanda ya daɗe yana yi. Ina kuka, kuma ban san kashi nawa na kukan na rashin aboki ne, kashi nawa na ganin hannun ɗana a ƙarƙashin kan wani ba.

A wurin zaman makoki mutane suna miƙo mini hannu suna cewa ya haƙurin maƙwabci. Idan suka isa kan Nasiru sai su riƙe hannunsa su daɗe, su ce ya haƙurin rashin uba. Ina zaune a tabarma ɗaya da shi, da raina da lafiyata. Babu wanda ya yi nufin cin fuskata, na sani, amma kowace gaisuwa sai da na ji ta a ƙirji.

Da aka idar da la'asar aka koma zama, sai na ga inuwar bishiyoyi ta kai inda take kaiwa, jikina ya ba ni cewa lokacin ban ruwa ya yi. Shekarun da na yi ina leƙe daga tsallake sun sa na san lokacin nan kamar kiran salla. Soron cike yake da kayan manoma, ga zafin bazara, idan yashin ya bushe amanar mutane ce za ta ruɓe. Nasiru kuwa jama'a sun kewaye shi, hankalinsa ba ya jikinsa. Na tashi kamar mai zuwa kama ruwa, na zaga bayan shagon Bukar, na ja guga na cika garwar. Na cire takalmi na sauka. Tunda aka gina ɗakin nan ban taɓa sa ƙafata a ciki ba sai ranar. Sanyi ya sauko mini a fuska, mai laushi, da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ɗanyen tattasai. A jikin ƙusa guda na ga darduma biyu a rataye, ɗaya a kan ɗaya. Na ɗauke idona, na fito na fara daga bangon gabas kamar yadda na ga suna yi.

Na kusa gamawa Nasiru ya iso da gudu, ya tuna da ban ruwan. Ya tsaya turus yana kallona da garwar a hannu, rigata ta jiƙe har gwiwa. A hankali ya ce kusurwar yamma ba ta son ruwa da yawa. Na ce na sani, alhali ban sani ba.

Bayan sadakar uku ya same ni a zaure da safe, ya durƙusa. Ya ce Hajiya Falmata, matar marigayin, ta kira shi ta yi masa godiya, ta ce ta san da maganar aro, kuma tunda wanda ya ara ya tafi, ba za ta riƙe abin mutane ba. Ya ce, "Baba, na dawo. Abin da ka ce shi zan yi." Ga abin da na yi shekaru ina jira, an kawo mini har zaure. Sai dai ba da ƙafarsa ya dawo ba, turo shi aka yi. Na tuna 'ya'yan Bukar duk suna gidajen mazajensu, soron nan shi ne abincin Hajiya Falmata, shi ne kuma rufin asirin manoman da ba su da wani wurin kai kaya. Na tuna injina da tarin da yake jira ya mayar wa yaron nan.

Na ce, "Ka koma. Amma da sharaɗi. Ranar da tawa ta zo, kai za ka wanke ni, kai za ka fara shiga ramin, yadda ka yi masa. Kada ka bar wa kowa."

Ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Baba, ai saboda kai na koya. Baba Bukar ne ya riƙa tura ni wurin liman duk lokacin da aka yi rasuwa. Ya ce, Bafulatanin nan hayaƙi zai kai shi lahira kafin ni, ka iya da kyau, kada ka ba ni kunya a kan abokina."

Ashe wankan nawa ne, tallafar kan tawa ce, shi ya tanadar mini da kansa. Sai kuma ya zo ya riga ni amfani da su, kamar yadda ya saba.

Yanzu kayan shagona a soron suke kwana. Injin yana nan a rufe da buhu, sai azumi nake tayar da shi saboda masu ƙanƙara. Ban ruwan safe na Nasiru ne, na la'asar nawa, kuma na gane kusurwar yamma. Hular Makkan nan na tono ta daga ƙasan akwati, ta ɗan matse ni, amma ita nake sawa. Da safe har yanzu nakan ɗaga ido in dubi tsallaken titi, ina jiran a kira ni bawa.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Bukar, Ka yafe masa kurakuransa, Ka sanyaya masa makwancinsa fiye da yadda ya sanyaya wa talakawa guminsu. Ka sa kowane kwando da ya tsira a ɗakin nan, da kowace inuwa da ya dasa, su zama masa sadaka mai gudana. Ka ba Hajiya Falmata da 'ya'yanta da jikokinta haƙuri, Ka rufa musu asiri, kada Ka bar su su nemi abu a hannun wanda zai wulaƙanta su. Ka ƙarfafi Nasiru a kan amanar da aka bar masa, Ka raya ƙaramin Abubakar ya ɗauko halin mai sunansa. Ka ba mu damina mai albarka, Ka sa mu cika da imani idan tamu ta zo. Kuma idan Ka yi mana rahama Ka haɗa mu a Aljanna, na yarda ya riga ni shiga, ya Ubangiji, na saba. Ka dai sa in tarar da shi a can. Amin.